Abin da Ke Jiran Ku a Bakin Kanta: Jawabi ga Sabbin 'Yan Sanda Ranar Yaye Su



Mai girma wakilin Sufeto Janar na 'yan sanda, ranka ya daɗe. Mai girma Kwamishinan 'yan sanda na jiha, Kwamandan wannan makaranta da malamanta, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Malamanmu na Musulunci da na Kirista, iyaye mata da maza da suka baro garuruwansu tun asuba, wasu ma tun jiya, ina gaishe ku baki ɗaya. Ku kuma 'ya'yana da ke tsaye cikin rana da sabon kaki, barkanku da ganin wannan rana. Jiya kurata ake kiran ku. Daga yau in aka ce a kirawo ɗan sanda, ku ake nufi.

Ina godiya ga Kwamanda da ya tuna da tsohon da ya ajiye kaki bayan shekara 35 yana aiki, ya ce in zo in yi muku nasiha. An koya muku fareti da harbi, da riƙon kulki da sa ankwa, kuma yanzun nan muka gani da idonmu cewa karatu ya zauna. Ni kuwa maganata a kan wani katako take, wato kantar caji ofis, domin can za a fara ajiye yawancinku, kuma can ne mutane za su yanke hukunci a kanku.

Bari in faɗa muku waɗanda za ku tarar a wurin. Za ku ga matar da miji ya kora da tsakar dare, da goyo a bayanta, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Za ku ga ɗan adaidaita sahu da 'yan daba suka ƙwace wa waya da kuɗin balas. Da damina manomi zai zo shanu sun shiga gonarsa, bai gama bayani ba makiyayi zai shigo an kore masa garke, kowannensu yana kallon fuskarku ya ga ɓangaren da kuka karkata. Maƙwabta biyu za su zo a kan kwata, alhali abin da ke tsakaninsu ya fi shekara goma yana ruruwa. Za a kawo muku yaron da ya ɓata a kasuwa, bai san sunan unguwarsu ba. A shekaruna 35, ranakun da na taɓa kunamar bindiga ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ranakun da na wuni ina sauraron mutane kuwa ba su ƙirguwa.

Duk wanda ya tako ƙofar caji ofis ba daɗi ne ya kawo shi ba. Bai taɓa zama da gwamna ba, bai san inda ofishin Sufeto Janar yake ba. Gwamnati a wurinsa ita ce fuskar da ya tarar a bayan kanta. In ya yi sallama, a amsa masa. In dattijo ne, a ce, “Baba, zauna ka huta, me ke tafe da kai?” In mace ce ta zo da abin da take jin kunyar faɗa a gaban maza, a nemo mata 'yar sanda mace, a kai su gefe. Magabata sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ban ga inda wannan magana ta fi dacewa kamar caji ofis ba, inda sau da yawa benci ɗaya ne tak, fuskar kawai muke da ita.

Ku sani, tsoron da za ku gani a idon jama'a ya girme ku, ya ma girme ni. Turawan mulkin mallaka ne suka dasa wannan aiki a Legas a 1861, da mutum 30 masu gadin ƙaramin jakadan Ingila. A 1879 suka kafa runduna mai makami suka sa mata sunan Hausawa. Kamfanin Neja ya kafa tasa a Lakwaja a 1888, sai a 1930 aka haɗe ta Kudu da ta Arewa suka zama runduna ɗaya. A nan Arewa kuma ga dogarai, ga 'yan dokan En'e, waɗanda talaka ya fi saninsu ranar karɓar haraji da jangali, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Waɗanda suka kafa aikin tsaron mulkinsu da cinikinsu suka sa a gaba. Sunanmu ma daga sanda aka samo shi. Shi ya sa har gobe uwa in tana son yaro ya yi shiru sai ta ce za ta kira ɗan sanda. Wannan gado ku kuka tarar da shi, amma kowace rana a bakin aiki ko dai ku ƙara masa nauyi ko ku rage.

Ni na taɓa ƙara masa, kuma zan faɗa muku yadda aka yi, don abin bai bar zuciyata ba. Ina sabon shiga, ko igiya ɗaya ba ni da ita, wani ɗan kasuwa ya kawo ƙarar wani saurayi da yake bi bashi. Aka tura mu gidansu, saurayin ya gudu. Na gaba da ni ya ce a taho da ubansa, in ɗan ya ji zai fito. Ni na riƙo hannun dattijon, mutum mai furfura, tela ne a unguwar. Ni na ce ya cire hularsa da takalmansa ya miƙo, ni na rubuta sunansa a littafin ofis. Kwana uku ya yi a bayan kanta. Abin da kawai ya roƙe ni shi ne ruwan alwala. Sai da iyalinsa suka sayar da keken ɗinkinsa aka biya bashin, sannan aka sake shi. Da zai tafi bai zage ni ba, bai ma ɗaga kai ya dube ni ba. Ya sa hularsa ya fita.

Daga ranar unguwar nan ta rufe mana baki. In mun shiga sintiri, sai majalisa ta watse. Bayan wasu watanni ɓarayi suka addabi wurin, kowa ya san gidan da suke kwana, har yara sun sani, amma ba wanda ya zo ya faɗa mana. Ban ga laifinsu ba. Ɗan sanda ba shi da ido a kowane lungu, idonsa su ne mai shayi da mai faci, da mai unguwa da liman, da tsohuwar da ke zaune a soro tana ganin mai shiga da mai fita. Labari kuwa ba a ƙwatar sa da kulki, wanda ya yarda da kai ne yake kawo maka shi da ƙafarsa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ba ka gaisa da shi lokacin zaman lafiya, kada ka sa ran zai raɗa maka wani abu ranar tashin hankali.

Abin da muka yi wa wannan tela, yau doka ta kira shi da sunansa ta haramta. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta maye gurbin wadda muka gada tun 1943. Ta hana kama wani a madadin wani, ko uba ne ko mata ko ƙane. Ta hana kama mutum don bashi kawai ko saɓa yarjejeniyar ciniki, wannan aikin kotu ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta a gaya wa wanda aka kama dalilin kamun, a sanar da danginsa, a bar shi ya ga lauya, kuma ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗibar mana kwana ɗaya mu kai wanda ake zargi gaban alƙali in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40. Dokar 2017 ta mai da azabtar da mutum don ya amsa laifi laifi mai zaman kansa, kuma cewa “oga ne ya sa ni” ba ya fitar da kowa. Beli kyauta ne. An rubuta haka a bangon ofisoshinmu, saura a gan shi a hannayenmu.

Ku riƙe wannan da kyau: mutumin da ke cikin sel amana ne a wuyanku, ko da da idonku kuka ga ya yi kisa. A ƙarshen Yulin 2009 Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ya mutu a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Abin da ya biyo baya ba sai na ba iyayen da ke zaune a nan labari ba. A watan Oktoba na 2020 matasa suka cika tituna saboda abin da wasu 'yan sandan sashen SARS suka daɗe suna yi, har aka rushe sashen ranar 11 ga watan. An ƙone ofisoshi, an kashe 'yan sandan da ba su taɓa marin kowa ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma mai fushi ba ya karanta sunan da ke ƙirjinka, kakin kawai yake gani.

Maganar shingen hanya gajera ce. Direban da ya dunƙule takardar kuɗi ya miƙo maka ba ka san abin da ke cikin but ɗinsa ba. Wata rana buhun masara ne, wata rana bindigogi ne a ƙarƙashin masarar, kuma ƙauyen da za a kai su yana iya zama naku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranka ya daɗe wakilin Sufeto Janar, ka gafarce ni in juyo gare ku, domin ba adalci ba ne a ɗora wa yaran nan kaya duka. Na yi aiki a ofishin da mai ƙara ne ke sayen takardar da za a rubuta bayaninsa, shi ne kuma zai zuba wa motar sintiri mai. Na kwana a barikin da in ruwa ya sauko sai an jera kwanoni a tsakar ɗaki. Na ga abokan aiki da suka tsufa cikin kaki suna yawon bin haƙƙinsu na fansho da sanda a hannu. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019, muna roƙon amfaninsa ya riƙa sauka har caji ofis na ƙauye, inda babu lantarki balle kwamfuta. Waɗannan yara rayukansu suka kawo. Mun tuna 16 ga Yunin 2011 da bam ya tashi a hedikwatar rundunar a Abuja. Mun tuna yammacin Juma'a, 20 ga Janairun 2012, da aka auka wa ofisoshin 'yan sanda a Kano, aka rasa mutum sama da 180, 'yan sanda da farar hula. Har yau ana binne 'yan uwanmu a Zamfara da Katsina da Borno. Wanda za a tura irin waɗannan wurare ya cancanci ya fita yana da tabbacin cewa in bai dawo ba, ba za a kori matarsa da marayunsa daga bariki hannu rabbana ba.

Jama'ar gari, ku ma da naku. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai miƙa na goro tun ba a tambaye shi ba, da babban mutumin da ke buga wa DPO waya a saki ɗansa, da wanda ya ga laifi ya ce ba ruwana, duk suna cikin masu lalata ɗan sanda. Wanda kuma kuka kama da sata ku kawo shi ofis da ransa, taya da fetur ba shari'a ba ce.

Iyaye, ku na bari a ƙarshe saboda ku ne kuka fi kusa da su. Wannan kaki ba na gidanku ba ne, na ƙasa ne. Kada a kira yaro ya sa shi don a tsorata maƙwabci a kan iyakar gona, ko a karɓo bashin kawu. Kada a auna shi da ɗan wane da ya yi gida cikin shekara biyu. In ya turo ɗan abin da albashinsa ya iya, ku sa masa albarka. In kuka ga ya zo da abin da ya fi ƙarfin albashinsa, ke Inna, kai Baba, ku zaunar da shi ku tambaye shi inda ya samo. Tambayarku ta fi ta kowane kwamiti shiga jikinsa.

'Ya'yana, Allah ya tsare ku a hanya da bakin aiki, ya tsare mutane daga hannunku, ya ba ku haƙurin dare da na rana, ya sa ku ajiye kakin nan da ƙafafunku. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a bakin aiki, Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari.

Ranka ya daɗe Kwamanda, rana ta take, kuma ga iyaye mata can sun miƙe tsaye suna leƙen 'ya'yansu a cikin sahu. Ina roƙon a sallami fareti su je su gaisa.