Labarin Kalmar Pound, Uwar Fam

Zancenmu na yau a kan kalma ɗaya ne ta Turanci, mai baƙaƙe biyar. Ga yadda a ke rubuta ta: pound. Turawa na faɗinta kamar a ce "paund". Kada waninku ya ce shi Hausa ya zo koyon karantawa, ina ruwansa da kalmar Turawa. Wannan kalma ta daɗe a bakinku. Ita ce kakanninmu suka ji wajen akawuna da 'yan kanti, suka gyara ta daidai da harshensu, suka ce fam. Bahaushe ba ya rarrabe p da f, shi ya sa ya ke cewa fensir da fasinja da famfo. Ba ya kuma ƙare kalma da baƙaƙe biyu a haɗe, saboda haka ya yar da d na ƙarshe ya huta.

To, abin da ya sa na zaɓo ta shi ne, in kun gan ta a takarda ba kullum kuɗi ta ke nufi ba. Wani lokaci nauyi ne, wani lokaci daka ne irin na turmi, wani lokaci kuwa shinge ne da a ke tsare dabbobi. Rubutun ɗaya, faɗin ɗaya. Mu ma muna da irin wannan. Ku dubi fari. Akwai farin zane, akwai farin da ke kashe shuka, akwai ɗan fari, akwai fari masu cin gero. Amma mu muna da sauƙi, gama da baki a kan ja wata a gajarta wata, a ɗaga murya ko a sauke, kunne ya rarrabe. Wanda ya fi kama da na Turawan shi ne sule. Sule sunan mutum daga Larabci ya zo, watau Sulaimanu. Sule na kuɗi kuwa daga Turanci ya zo, watau shilling. Ba dangin iya ba na baba, a Hausa kurum suka gamu. Haka pound ta ke. Kalmomi uku ne masu iyaye dabam dabam, tafiya ta haɗa su riga ɗaya.

Bari mu fara da babbar, ta awo da kuɗi, don ita ce mai dogon labari.

Mutanen Rum na dā, masu harshen Latin, suna kiran ma'aunin nan mai faranti biyu libra. Da sunan nan kuma su ke kiran wani dutsen awo nasu, mai nauyin wajen giram 327. In Barume ya auna kaya sai ya ce libra pondo, ma'ana libra ɗaya bisa nauyi. Ku lura da kyau, libra shi ne sunan awon, pondo kuwa "bisa nauyi" kurum ta ke nufi. To, akwai waɗansu kabilu da ke zaune a ƙasar da a ke kira Jamus yanzu, suna ciniki da fataken Rum. Kullum suna jin libra pondo, libra pondo, sai suka kama wutsiyar suka saki kan. Kamar baƙo ne ya zo kasuwar hatsi ya ji ana ta cewa "mudu cike", ya koma gida ya ce sunan abin awon Hausawa "cike". Daga cikin kabilun nan waɗansu suka ƙetare teku wajen shekara ta 450, suka zauna a tsibirin da ya zama Ingila, da kalmar a bakinsu, suna cewa pund. Waɗanda suka tsaya gida kuwa, jikokinsu Jamusawa har yau Pfund su ke cewa.

Amma malamai masu alƙalami ba su bi 'yan kasuwa ba. Su da Latin su ke rubutu, saboda haka suka riƙe libra, suna taƙaita ta da baƙaƙe biyu, lb. Wannan ya sa har gobe Bature ya kan rubuta lb amma ya karanta pound, alhali kuwa babu l babu b a cikinta. Yaran makaranta a Ingila ma abin na ba su mamaki. Ga kuma abin da ya fi wannan daɗi. Laba da Hausawa ke faɗi, wadda a dā a ke auna auduga da fata da ita a kan sikeli, daga zuriyar libra ta ke. Ashe maganar nan guda ta Barume rabuwa biyu ta yi a hanya, kowane rabi ya iso ƙasar Hausa ta ƙofarsa. Kan ya zama laba, wutsiyar ta zama fam. A nan Hausa ta fi Turanci tsari, don mu mun ba nauyi sunansa, mun ba kuɗi nasa, su kuwa sun bar su a cakuɗe.

Yaya aka yi sunan awo ya zama sunan kuɗi? A zamanin wani sarki a ƙasar Ingila mai suna Offa, wanda ya yi sarauta daga 757 zuwa 796, aka kafa buga ƙananan kuɗi na azurfa, su ne penny. Ƙa'idar da aka zauna a kanta ita ce, a ɗauki azurfa laba ɗaya a fitar da penny 240 daga cikinta. Saboda haka in mutum ya ce ana binsa pound ɗaya, nufinsa azurfa mai nauyin laba guda, ko a ƙirga ko a ɗora a sikeli duk ɗaya ne. Daga nan lissafin da dattawanku suka sani ya fito: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ku buga 12 sau 20, za ku sami 240. Alamar nan ta fam kuwa, £, ba wani abu ba ce illa baƙin L na libra da aka yi wa ado, aka ja masa layi a ciki.

Sannu a hankali sarakuna suka riƙa rage azurfar in baitulmali ya yi ƙasa. Sarki Henry na Takwas ya fi kowa ɓarna a nan, gama daga 1544 ya sa aka riƙa cuɗa ta da jan ƙarfe mai yawa. Daga 1947 kuwa aka daina sa azurfa sam a kuɗin da mutane ke kashewa a Ingila. Sunan awo ya tsaya, abin da a ke aunawa ya tafi. A 1971 suka bar lissafin sule, suka mai da fam ya zama penny 100. Nijeriya ta bar fam ran 1 ga Janairu 1973, aka canja fam ɗaya naira 2, sule ɗaya kwabo 10. Duk da haka kalmar ba ta mutu ba. Shekaru da yawa bayan nan mutane na kiran naira 10 fam biyar, suna kiran naira 200 jaka guda, don a dā fam 100 a ke zubawa a jaka.

Akwai wani tarko a nan, musamman ga matafiya. Ba Ingila kaɗai ke da pound ba. In ana magana da Turanci, kuɗin Masar da na Sudan da na Sudan ta Kudu da na Lebanon da na Siriya duk pound a ke kiransu, darajarsu kuwa ba ɗaya ba ce, ko kusa. Wanda aka ce za a biya shi pound 500 ya kyautu ya tambaya na wace ƙasa tun bai sa hannu ba. Na Ingila shi a ke ƙara wa sterling. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan sun san can da Larabci junaih a ke cewa. Wannan ma daga Turanci ne, daga guinea, wani kuɗin zinariya da Ingila ta fara bugawa a 1663. An sa masa sunan ne don zinariyar daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ke kawo ta, wadda Turawa ke kira Gini.

Mu koma kan nauyi, don nan ne a ke cutar mutum ido buɗe. Laba ta yau oza 16 ce, kuma tun 1959 ƙasashe masu jin Turanci suka daidaita a kan giram 453.6 in an taƙaita. Watau ba ta kai rabin kilo ba. Mutanen Amurka har yanzu da ita su ke awo. To, in kun ga buhu an rubuta 50 lb, wani kuma an rubuta 50 kg, kada lambar ta ruɗe ku. Na farko bai cika kilo 23 ba, na biyu ya ninka shi har da ɗori. Mai saye da bai san baƙaƙen nan biyu ba sai ya biya kuɗin buhu ya ɗauki rabi. Haka in mai faci ya ɗora ma'auninsa a kan taya ya ce iska 35, laba ya ke ƙirgawa ko da bai sani ba, watau ƙarfin da iskar ke tura kowane inci murabba'i na tayar. Af, inci ɗin nan da oza ma uwarsu ɗaya, kalmar Latin uncia, ma'ana ɗaya cikin 12. Labar Rumawa kashi 12 a ke raba ta, ƙafar awonsu ma haka.

Wannan ita ce ta farko. Ta biyu ba ta taɓa zuwa Rum ba, 'yar gida ce. A tsohon Turanci punian a ke cewa, ma'anarta a daka abu har ya zama gari. Ba ta da d ko kaɗan. Daga baya ta zama poun, sai wajen shekarun 1500 mutane suka riƙa liƙa mata d a ƙarshe don daɗin baki, yadda suka yi wa kalmar sound, watau ƙara, wadda ita ma da fari ba ta da shi. Ku ga abin dariya, Bature ya ƙara d inda babu, Bahaushe ya cire inda akwai. Wannan pound ita ce ta mace da taɓarya. In kun shiga gidan abinci kuka ga an rubuta pounded yam, sakwara ce, dakakkiyar doya, ba doyar fam guda ba. Da ita kuma su ke faɗin mutum na dukan ƙofa da ƙarfi, ko igwa na ruwan wuta a kan gari, ko zuciyar matsoraci na dukan uku-uku.

Ta uku kowane manomi zai gane ta nan da nan. A ƙauyukan Ingila na dā a kan gina wani ɗan shinge na dutse ko na itace. In saniyar wani ko tunkiyarsa ta ɓalle ta shiga gonar mutane, sai a kora ta can a kulle, mai ita ba ya karɓa sai ya biya tara. Sunan shingen nan pound, akwai kuma ma'aikaci mai tsaronsa. Har yanzu ana ganin kangon waɗansu a ƙauyuka. Yau karnukan da ba su da masu su a ke kai wa can, da motocin da aka ajiye inda doka ta hana. Daga gare ta aka sami impound, kalmar da ke yawo a takardun 'yan sanda da na kwastan. Duk direban da ya ga an rubuta ta game da motarsa, ba fam a ke ba shi ba, hukuma ce ta tsare motar. Kalmar pond, watau kududdufi, ita ma ƙanwarta ce, don asalinta ruwan da aka tare da shinge.

Saura mu ga yadda ukun suka zama rubutu ɗaya. A 1066 mutanen Normandi, masu jin Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi. Marubutan da suka biyo baya suka ɗauki al'adar Faransawa ta rubuta dogon wasalin u da ou, sai pund ta zama pound a takarda, amma da baki "puund" a ke cewa. Sa'an nan tsakanin wajen 1400 da 1600 lafazin Turawan Ingila ya juya, dogon u ya koma au. Ta awo da ta shinge dā ma sun yi kama tun fil azal, ta daka kuma ta samo d ɗinta ta tarad da su.

To, yaya mai karatu zai san wadda a ke nufi? Sai ya dubi maƙwabtanta, yadda ku ke yi wa fari ba ku ko lura ba. In lamba ta gabace ta, ana kuwa zancen tsada ko albashi ko bashi, kuɗi ne. In an bi ta da of da sunan kaya, kamar ten pounds of rice, nauyi ne, shinkafa laba 10. In ta biyo bayan sunan mutum tana faɗin abin da ya ke yi, ko ta ɗauki ed ko ing a ƙarshe, daka ne ko duka. In kuwa an ce an kai kare ko mota the pound, shinge ne. Wani lokaci biyu kan haɗu a numfashi ɗaya. A kasuwar Ingila mai kayan marmari na iya ɗaga murya ya ce two pounds a pound. Ba in'ina ya ke yi ba, cewa ya ke yi kowace laba fam 2.

Ga aikin da za ku yi kafin mu sake haɗuwa. Kowa ya duba buhu ko kwali ko gwangwani a gidansa ko a kantin unguwarsu, ya nemi inda aka rubuta nauyin abin. In ya ga kg, kilo ne. In ya ga lb, ya raba lambar biyu, ya rage kashi ɗaya cikin 10 na abin da ya samu, abin da ya saura shi ne kilo, ko kusa da haka ƙwarai. Misali, laba 100, rabinta 50, a cire 5, saura kilo 45. Ku rubuto lambobin da kuka gani a littafinku, ku zo da su mu buga tare.