Faifai Ɗaya Ya Mutu, Kada a Jira na Biyu

Jama'a masu saurare a Gidan Dare da sauran unguwannin Sakkwato, takardun makarantunmu da na asibitoci suna komawa cikin manyan kwamfutoci, inda ake jera faifan ajiya da yawa su yi aiki tare. A wani tsarin jera faifai da ake kira RAID 5, in faifai ɗaya ya mutu, sauran sukan riƙe bayanan. Daga nan sakaci yake shigowa. Ana cewa ai na'ura tana aiki, kuɗin sabon faifai kuma ba kaɗan ba ne, a bari sai baɗi. To, tsarin nan mutuwar faifai ɗaya tak yake iya jurewa. Na biyu na faɗuwa, komai ya tafi, kuma babu kuɗin faifan da ya kai darajar sakamakon jarrabawar ɗalibai.

Wani lokaci faifai yakan yi gargaɗi. Binciken Google na 2007 ya nuna cewa wanda ya fara nuna kuskuren karatu ya fi sauran saurin mutuwa nesa ba kusa ba. In za a canza faifan da ya lalace, ma'aikaci ya duba lambar jikin faifan kafin ya zare, domin zare mai lafiya bisa kuskure ɓarna ce babba. Shugabannin ma'aikatu, ku sayi faifan ko-ta-kwana tun yau, ku kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.