Ƙwaya Da Barcin Samarinmu: Jawabi A Taron Ƙungiya, Jalingo



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama. Shugaban taro, malamanmu, masu unguwanni, iyaye mata, da samarin da suka daure suka zo, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan haka, mu 'yan kasuwa aka ɗora wa yin magana yau a kan ƙwayoyin da suka addabi yaranmu. To, za mu yi ta irin ta ciniki, a baje kaya a faɗi farashi. Amma ba za mu bi ta inda aka saba bi ba, wato sata da dabanci da hauka, domin kafin yaro ya kai can an riga an makara. Mu ta wajen barci za mu ɓullo wa zancen. A barci ne ƙwaya ke fara nuna kanta, kuma a cikin barci ne ta fi yin kisa.

Da farko mu san kayan. Tiramadol, wadda yara ke kira tiramol, da kodin da ke cikin wasu magungunan tari, asalinsu magungunan asibiti ne, dangin mofin, ana ba wanda ya karye ko aka yi wa tiyata ko mai ciwon sikila. A doka sai da takardar likita ake sayar da su, kuma ƙaramin kemis na cikin unguwa ba shi da izinin ajiye su. Hukumar NAFDAC ta yarda da tiramadol mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai. Wadda ke yawo a tashoshi da bakin kasuwa kuwa za ka ga an rubuta 200 ko 225, har 250. Babban mutum ma da likita ke dubawa ba a so ya wuce miligiram 400 a yini. Ke nan yaro ɗan shekara 15 da ya haɗiyi biyu masu 225 da shayin safe, ya riga ya zarce ƙa'idar ubansa tun bai buɗe rumfa ba.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa kaɗai. Ko rubu'in haka ne ai abin ya isa. A ƙarshen watan Afrilu na 2018 BBC ta fito da bincikenta a kan kodin, washegari, ran 1 ga Mayu, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A farkon 2019 kuma aka fitar da ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Ta nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye cikin shekara guda a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin waɗannan ƙwayoyi na kashe ciwo suke sha ba bisa ƙa'ida ba, akasari tiramadol. Cikin kowane mutum huɗu masu sha kuwa, ɗaya mace ce. Iyaye mata, wannan taku ce, kada a ce maganar samari ce kawai.

Mu da muka san kasuwa mun san in aka toshe wa haja ƙofa, ta taga take shigowa. Da Indiya ta tsananta doka a kan tiramadol a 2018, sai wata ƙwaya ta ɓullo, haɗin tafentadol da wani maganin saki jijiya, ana sayar da ita da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal. Sai a watan Fabrairu na 2025, bayan wani binciken na BBC, Indiya ta hana yin wannan haɗi. Saboda haka uba ya daina neman kalmar tiramadol a jikin kwali. Duk sacet ɗin da ka tsinta a aljihun wandon yaro, ba likita ya rubuta ba, abin tambaya ne.

To, mu koma ga barci. Likitocin barci na Amurka sun ƙayyade a 2016 cewa yaro daga shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Sun kuma bayyana wani abu da zai rage mana zagin yara: in yaro ya balaga, jikinsa da kansa yakan jinkirta jin barci, ya fi son ya kai dare ya kuma makara. Halitta ce, ba duka ne lalaci ba. Yanzu ku ɗora wannan a kan zaman da muke yi a Jalingo. Yaro ya je boko da safe, Islamiyya da yamma, ya tsaya rumfa har bayan magariba. Daga nan sai gidan kallon ƙwallo, wasa ba zai tashi ba sai wajen sha ɗaya, ya biya teburin mai shayi, ya dawo ya kwanta da waya a hannu. Ga zafin Maris da Afrilu da ba ya barin mutum ya runtsa a ɗaki, ga sauro. Ƙarfe biyar an buga masa ƙofa sallar asuba. Ku lissafa da kanku, da ƙyar ya sami awa biyar.

Yaron da ke kwana haka, da hantsi jikinsa ya mutu. Nan ne aboki zai miƙo masa rabin ƙwaya, ya ce ga maganin gajiya. Kuma ranar farko gaskiya ya faɗa, domin tiramadol ba kamar sauran danginta ba ce, tana kashe ciwo kuma tana sa wa mutum wani karsashi. Shi ya sa ta sami kasuwa wajen 'yan dako da direbobin Keke Napep da masu ƙwadago a gonakin shinkafa na Lau da Gassol. Masu bincike a Amurka ma sun lura cewa 'yan sakandaren da ba sa samun isasshen barci sun fi faɗawa shan irin waɗannan magunguna.

Sai dai bashi ne, kuma mai ruwa. Ƙwayar tana rage barci mai nauyi, wanda shi ne ke gyara jiki, sai ka ga yaro ya kwanta awa tara ya tashi kamar an yi masa duka. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta isa. In kuma ta sake shi cikin dare, sai barcin ya ƙaurace gaba ɗaya: ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, ya yi ta juyi, ga zufa, ga hamma da majina ba mura. To a nan ne ake ƙara masa ta biyu, a ce ya sha kodin ko D5 ko roci don ya yi barci. Da safe ta tashi, da dare ta kwanciya. Yaron da ya shiga wannan keke ba don daɗi yake sha ba kuma, yana sha ne don ya iya runtsawa ya kuma iya miƙewa.

Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne, kuma ga mai wannan haɗi maganar ta wuce karin magana. Dangin mofin suna rage wa ƙwaƙwalwa kula da numfashi. Ido biyu mutum yakan ja iska da kansa in ya ji ƙunci, amma cikin barci babu mai tuna masa. In aka haɗa da D5 ko roci ko giya, numfashi yakan yi ta raguwa har ya tsaya. Kodin kuma hanta ce ke mai da shi mofin, kuma akwai mutanen da hantarsu ke yin haka da sauri fiye da kima, kwalbar da abokinsa ya sha ya tashi, shi ita ce ajalinsa. Saboda irin wannan ne hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017, ta kuma yi gargaɗi a kan 'yan 12 zuwa 18 masu ƙiba ko ciwon huhu ko sarƙewar numfashi cikin barci. Tiramadol kuma in ta yi yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau nawa aka ce iska ce ta buge yaro a tasha, aka yi ta hayaƙi, alhali abin yana cikin aljihunsa?

Don Allah a riƙe wannan ko da an manta sauran. In ka tarar da yaro yana wani irin minshari mai gurnani wanda ba ka san shi da shi ba, ka girgiza shi ya ƙi farkawa, numfashinsa jefi-jefi, leɓɓansa sun sake launi, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura, to kada ka ce a bar shi ya huce. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi keke nan take zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, a tafi da kwalin abin da ya sha. Akwai allura mai suna nalokson da ke karya ƙarfin dangin mofin cikin mintoci. A gaya wa likita gaskiya. Kunyar minti biyar ba ta kai zaman makoki ba.

Mun san abin da ke hana mu faɗa. Kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar Muri daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, tun kafin a yi Jihar Taraba a 1991, kuma abin da suka bar mana shi ne suna. Da sunan nan Bamumuye ke ba mu doyar Zing bashi, da shi Bafulatani ke bar mana saniya a Iware sai kasuwa ta zagayo. In yaron wani ya yi abin kunya, sunan ubansa ake kira. In namu ne, cewa ake yi yaran Hausawa. Wannan ya sa gida ke rufe maganar har ta ruɓe. Amma maƙwabtanmu Jukun Kona da Mumuye da Fulani da Tibi su ma kukan da suke yi ke nan, mai sayar da ƙwaya ba ya tambayar ƙabila.

Akwai kuma magana tsakaninmu masu gida. Yaron da ya kwana yana lodin masara a Mutum Biyu ko Garba Chede, ya biyo mota ya iso da asuba, bai kamata a ce ya buɗe shago ƙarfe bakwai ba. In ka ga ɗan shekara 16 yana aikin ƙarti uku bai ce wash ba, kada ka yi murna ka yi dacen yaro. Ka tambaya. Haka nan ragowar maganin da aka rubuta wa tsohuwa ko mai sikila, kada a bar shi a kan taga, da yawa daga nan suke ɗanɗanawa. In likita ya rubuta wa yaronka irin wannan magani, ka tambaye shi na kwana nawa ne, uwa ta riƙe kwalin tana ba shi da hannunta.

Wanda ya riga ya kamu fa? Duka ba ya fitar da ƙwaya daga jini. Mari ma haka. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum fiye da 300 a wani gidan gyaran hali, da yawa cikin sarƙa, sa'annan aka sake samun irinsa a Daura. Kuma wanda ya daɗe yana shan tiramadol ba a yanke masa ita rana ɗaya, likita ne ke rage masa sannu a hankali. Abin da ya fi mai da yara ruwa shi ne rashin barcin makonnin farko. Yaro zai yi rantsuwa ya daina, ya yi kwana huɗu idonsa biyu, ran na biyar ya koma. A daren nan yana bukatar wani babba kusa da shi, wa ko kawu, ba gori ba. Addu'a da tofi a yi, amma a haɗa da asibiti. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara, kuma a ƙarƙashin Janar Buba Marwa ta buɗe layin waya na kyauta a 2022, 0800 1020 3040.

Ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah ba ya son hira bayan isha'i, to muna so limamai su riƙa tuna wannan a masallatan unguwa, kowane gida kuma ya sa lokacin rufe ƙofa da na ajiye waya. Muna so malaman Islamiyya su riƙa aiko wa uba da saƙo a asirce in yaro ya yi mako yana gyangyaɗi a aji, maimakon bulala. Masu gidan kallo daga cikinmu su sallami 'yan makaranta in dare ya yi. Wanda kuma ya ba da hayar shago ko tebur, ya san abin da ake sayarwa a ciki. In an ja wa mai sayarwa kunne sau ɗaya ya ƙi ji, masu unguwa su kai sunansa, ko ɗan wane ne.

Sa'annan muna neman a ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin keke da katin asibiti ga iyayen da ba su da hali, a danƙa shi hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, domin akwai abin da uwa ba za ta faɗa wa namiji ba. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa. Mai son shiga wannan aiki ya ba da sunansa kafin a tashi, mai magana ta sirri kuma ya same mu bayan la'asar.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.