Ɗaukar Hoton 'Yan Sanda a Bakin Aiki: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum

Yau da wuya a sami ƙauyen da babu wayar hannu mai ɗaukar hoto, saboda haka lalle ƙara irin wannan za ta zo gaban Hakimi: talaka ya ɗauki hoton ɗan sanda a kasuwa, ko a shingen hanyar Anka zuwa Gummi, an ƙwace wayarsa.

To, a sani, ɗaukar hoton ɗan sanda yana aikinsa a sarari ba laifi ba ne. Sashi na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa ikon samun labari da ba da shi. Cikin Disamba na shekarar 2023 ma, kakakin 'yan sandan ƙasa ya faɗi cewa an yarda jama'a su yi haka. Tun Oktoba 2020 kuma Sufeto Janar ya hana binciken wayoyin mutane barkatai.

Amma iko yana da iyaka. Kada mai hoto ya tare wa ɗan sanda hanya, kada ya zage shi. Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 kuma ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro na soja ba da izini ba.

Ga inda a ke bukatar hankalin Hakimai. Ƙasashen nan uku suna fama da ɓarayin daji, su kuwa ɓarayi suna da masu kai musu labari. Wanda ya aika musu da hoton inda jami'ai su ke, ya yi babban laifi. Amma wanda ya ɗauki hoton mai karɓar cin hanci, shaida ya riƙe. In an haɗa su a suna ɗaya, an cuci marar laifi, wataƙila ma ya rasa ransa.

Saboda haka in ƙara ta zo, malamin Hakimi ya rubuta rana, da wuri, da sunan jami'in ko lambarsa, da shaidu. Kada a share hoton. Sa'an nan a kai maganar ga babban jami'in 'yan sanda na yankin. Dagatai da masu unguwa kuma su bayyana wa talakawa wannan.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.