Ƙarfafa Daɓen Jirgin Ruwa Mai Gudu Idan Ya Fara Lotsawa

Tun bayan da aka kafa kamfanin Owens-Corning a Amurka cikin 1938, zaren gilashi ya yi ta bazuwa a masana'antu, har ya zama da shi ake ƙera akasarin ƙananan jiragen ruwa masu gudu. Sai dai kuma zaren nan, bayan an jiƙa shi da ƙaro ya daskare, yana da wuyar karyewa amma yana da saurin lanƙwasa. Saboda haka maƙera sukan yi daɓen jirgi hawa uku: fallen gilashi sama da ƙasa, sa'an nan a tsakani a sa itacen balsa, ko katako, ko soso mai tauri.

Dalilin wannan tsari lissafi ne. Idan aka ninka kaurin allo sau biyu, taurinsa yakan ninku sau takwas. Wato aikin abin da ke tsakani shi ne ya nisanta fallayen biyu, ba tare da ya ƙara wa jirgi nauyi mai yawa ba.

To, me ke kawo lotsawa? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa yakan bi ramukan ƙusoshin da aka kafa kujeru da su, ya ruɓar da itacen ciki, fallayen su rabu da shi. Bugun igiyar ruwa kuwa sai ya yi ta ƙara ɓarnar. Ana gane wurin ta ƙwanƙwasa daɓen da ƙaramar guduma: lafiyayyen wuri yakan ba da amo mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta lafta sabon zare a bisa ruɓa. Jirgi ya yi nauyi, gudunsa ya ragu, ciwon kuma yana nan. Abin da ya kamata shi ne a yanke fallen, a ƙanƙare ruɓar, a bar wurin ya bushe sarai, a manna sabon ciki, sa'an nan a rufe.

In kuwa cikin lafiya lau yake, faɗin daɓen ne ya yi yawa, sai a yi masa haƙarƙari ta ƙarƙashi. Akan shimfiɗa soso ko rabin bututu, a goge wurin, a lulluɓe da zare da ƙaro, a haɗa bakinsa da jikin jirgi. Hikimar ɗaya ce da ta kwanon rufi, wanda tudu da kwarinsa ke ba shi tauri.

Wannan gyara bai kamata a jinkirta shi ba, domin a jirage da yawa daɓen yana taimakawa wajen riƙe gefunan jirgi. Idan ya saki, nauyin bugun ruwa duka yakan koma kan gangar jikin, alhali kuwa rayukan mutane ne a ciki.