Kyanwa Ba Ta Rayuwa da Hatsi: Yadda Ake Auna Busasshen Abincin Mage

 

Wani zai ce, a wannan marra da mudun gero ke sa magidanci gumi, wa ke da sukunin zancen abincin kyanwa? Amsar tana cikin rumbunanmu. Kyanwa ce mai gadin hatsin da muka noma, kuma gadinta ya wuce na hatsi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi, kuma jihar Bauchi da ke iyaka da jiharmu ta Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin kare gida daga wannan ɓera. Malamanmu kuma sun karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba.

Wannan hadisi shi ya raba mana kyanwoyi gida biyu. Wadda ke yawo tsakanin rumbu da turke tana kama ɓera da ƙadangare da fara, ita ta samu abin da jikinta ke so, tuwon da ake miƙa mata ƙari ne. Wadda nake jiye wa ita ce ta gidan siminti mai rufaffiyar ƙofa, wadda ba ta fita, duk abin da za ta ci sai mai gida ya zuba mata. Idan ya sayo buhun busasshen abinci daga Kano ko Abuja, to ran wannan mage yana cikin buhun nan, dole ya iya gane nagari daga na banza.

Allah ya halicci kyanwa maciyar nama tsantsa. Mu da kare muna iya cin karas jikinmu ya sarrafa shi ya zama bitamin A. Hanjin kyanwa bai iya wannan ba, sai ta samu bitamin ɗin a shirye daga hanta da nama. Ko zaƙi ba ta ji, masana sun tabbatar da haka a 2005. Babban abin kuma shi ne wani sinadari da ake rubutawa Taurine a jikin buhu. A nama da zuciya da kifi ake samun sa, babu shi a masara ko shinkafa ko gero, kuma jikin kyanwa ba ya haɗa wanda zai ishe ta. A 1975 masu bincike a Amurka suka nuna cewa rashinsa yana lalata bayan idon kyanwa har ta makance. A 1987 wani likitan dabbobi, Paul Pion, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ciwon kumburin zuciya da ke kashe kyanwoyi da yawa daga rashin wannan sinadari yake, kuma waɗannan kyanwoyi abincin kamfani suke ci, na kanti, mai kyakkyawan buhu. Da aka ƙara musu sinadarin, zuciyar da yawansu ta farfaɗo. Kamfanoni suka gyara haɗinsu, cutar ta ja baya ƙwarai. Ina so ku riƙe wannan labari, domin ya nuna cewa mage na iya cin abinci ta ƙoshi, gashinta na sheƙi, alhali ciwo na cin ta a hankali tsawon watanni.

To, me za ka duba idan ka ɗauki buhu? Juya shi baya, hoton da ke gaba talla ne. Fara neman jumlar da ke cewa abincin cikakke ne ga balagaggiyar kyanwa, bisa ma'aunin AAFCO na Amurka ko FEDIAF na Turai. Akwai waɗanda aka yi su don marmari kawai, ba a rayuwa a kansu. Ma'aunin AAFCO ya ce abincin babbar kyanwa kada furotin ɗinsa ya gaza kashi 26 cikin ɗari, maiƙo kada ya gaza kashi 9, Taurine kuma kashi 0.1 a busasshen abinci, duk bayan an cire ruwa daga lissafi. Na babban kare kashi 18 ne kawai na furotin, shi ya sa ciyar da mage abincin kare cutarwa ce, komai arharsa.

Cire ruwan nan ba wuya. Busasshen abinci yana ɗauke da danshi wajen kashi 10. Idan buhu ya ce furotin 30, raba 30 da 90 ka ninka da 100, ka samu kusan 33. Na gwangwani da ya ce furotin 10 amma ruwansa 78, idan ka raba 10 da 22 ka ninka da 100 sai ka tarar ya haura 45. Wannan lissafin aji ɗaya na sakandare ne.

Amma a nan nake so in daɗe, domin lambar furotin tana iya yaudara. A ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba, sinadarin naitirojin ake aunawa a ninka shi da 6.25. Duk abin da ke da naitirojin zai ɗaga lambar, tamkar mai zuba yashi a buhun dawa don ya yi nauyi a sikeli. A 2007 wasu masu sayar da kayan haɗi a ƙasar Sin suka zuba melamin, sinadarin yin roba, cikin garin da ake haɗa abincin dabbobi da shi. Ƙodar karnuka da kyanwoyi ta riƙa mutuwa a Amurka da Kanada, aka janye kaya masu ɗimbin yawa daga kasuwa. Shekara guda bayan haka, a 2008, wannan ha'inci ya kai ga madarar jarirai. Ko da babu ha'inci, furotin na masara da waken soya yana ɗaga lamba, amma bai kai na nama amfani ga mage ba.

Saboda haka karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. Na farko ya zama nama mai suna: kaza, kifi, rago. Ka kula da dabara biyu. Ta farko, ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 nasa ruwa ne, zai zo na farko a jeri, amma bayan an gasa an busar sai ya ragu sosai. Garin busasshen naman kaza ya fi shi faɗin gaskiya. Ta biyu, a kan raba masara suna uku, garinta daban, tsakinta daban, furotin ɗinta daban, don kowanne ya sauka ƙasa, alhali in an haɗa su sun rinjayi naman. A nan ne kuma Musulmi zai ga ko an sa naman alade ko kitsensa, ya san abin da yake shigarwa gidansa. Sai ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da adireshin kamfani. Wanda aka auno maka a leda babu suna babu kwanan wata, bar shi a inda ka gan shi.

Abinci nagari ma yanayinmu na iya ɓata shi. A watan Afrilu zafin Jigawa yana haura digiri 40, maiƙon da aka fesa wa ƙwayoyin abincin ya tsufa ya yi wari, bitamin ya ragu. A Agusta kuma danshi ke kawo fumfuna, ita kuwa fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da dafin afulatoksin mai lalata hanta, wanda manoman gyaɗa suka san labarinsa. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 wannan dafi ya kashe karnuka fiye da 100 a Amurka ta hanyar abincin buhu. Shawarata, a sayi ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda zuwa mako shida, a bar abincin a buhunsa a sa cikin bokiti mai murfi, a ɗaki mai inuwa, ba a kan daɓe ba. Abin da ya sake wari ko launi, a zubar.

Saura ruwa. Kakannin magenmu kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashe, yawancin ruwansu daga naman farauta suke samu, don ɓera kusan kashi 70 na jikinsa ruwa ne. Ƙishirwa ba ta saurin tura mage wurin kasko. Wadda ke kan busasshen abinci zalla fitsarinta yakan yi kauri, a samu tsakuwa a mafitsara. A ajiye mata ruwa a wuri biyu ko uku, a riƙa sabunta shi kullum, a kuma ɗan haɗa mata da dafaffen nama ko kifi marar gishiri. Romon miya kuwa a'a, albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta. Madara ma yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.

Bayan wata biyu a kan sabon abinci, magen ce za ta gaya maka sakamako. Mai nauyin kilo 4 giram 50 zuwa 70 yakan ishe ta a yini. Shafa gefenta: ya kamata ka ji haƙarƙari a yatsunka ba tare da ka gan su da ido ba. Kashi mai yawa, mai laushi da wari, alamar abincin na wucewa ne bai narke ba.

Akwai alama ɗaya da ba a kwana da ita. Idan muzuru ya riƙa tsugunne yana nishi yana kuka fitsari bai fito ba, hanyar ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. A kai shi asibitin dabbobi a ranar. Kada kuma a ba shi farasitamol don a rage masa zafi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.