Taku biyar a tsakar gida

An ce in yi magana a kan lafiyar ƙananan yara a karkararmu, kuma na ga wasu sun fiddo biro suna jiran alƙaluma. Za su zo. Amma ku yi mini haƙuri in fara da labarin gida.

Ina da ɗiya guda, watanta 20 yanzu. Kada ku jira in faɗi sunanta, ƴar fari ce, ni kuma ɗan Waca ne. In tsohuwata ta ji na ambaci sunan a bainar jama'a, cewa za ta yi boko ya cinye mini kunya. Ita da uwarta suna can gida, ni ina nan Damagaram wajen neman abinci, ina leƙawa in hali ya yi.

Zamanta a waya na ji shi. Rarrafenta ma a waya. Tsayuwa ce kawai na gani da idona, tana da wata 11: ta rarrafa ta kama bakin turmi, ta miƙe tana rawar ƙafa, ta waiwayo tana duban wa ya gani. Na gani, amma na yi kamar ban gani ba, don tsohuwa na zaune. Haka aka tashe mu.

Wannan a farkon watan Agusta ne, ruwa ya zauna, sauro ya yi yawa. Na dawo birni. Bayan kwana kaɗan aka ce mini jikinta da zafi, tana ɗan zawo, amma kada in damu, haƙori ne. Kun san wannan magana. Babu gidan da ba a faɗinta. Ni da na yi jami'a, ni da nake tsayawa gaban mutane ina wayar da kai, na ce to, Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da harkokina.

Sai bayan mako uku na koma. Na tarar da yarinya zaune a tabarma, inda aka ajiye ta nan take. Turmin na nan, ba ta kula shi. Ba ta kuka, ba ta jawo kwano, ba ta bin kaji. Maƙwabta na shigowa suna yabo: kai, yarinyar nan ta yi hankali, ga haƙuri. Uwarta ce ta ja ni gefe da dare ta ce, "Ni fa hankalina bai kwanta ba. Ta daina ɓarna."

Wallahi wannan magana ta fi duk wani rahoto da na taɓa karantawa. Ta daina ɓarna. Yaro ɗan shekara guda aikinsa ke nan: ya zubar, ya jawo, ya sa a baki, ya faɗi ya tashi. Ranar da ya daina, jikinsa ne ke tattalin ɗan ƙarfin da ya rage masa, mu kuma muna ta sa masa albarka.

Da safe muka tafi likita. Aka ɗibi jini a yatsa, zazzaɓin cizon sauro ne. Aka zagaya mata igiyar awon dantse, wannan mai launi uku, ta tsaya a rawaya. Ga wanda bai sani ba: kore lafiya, rawaya tamowa ta fara shiga, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Wani maganin aka ba mu, wani aka rubuta mana muka saya a waje, duk da cewa tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, doka ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Ni ina da abin saya a aljihu. Matar da ke bayanmu a layi ninke takardar ta yi ta ɗaure a bakin zane.

Zazzaɓi ya sauka cikin kwanaki. Ƙafa ce ta daɗe ba ta dawo ba. Sa'o'inta suka fara takawa, ita tana rarrafe. Aka fara ƙananan maganganu: ko nauyin ƙafa gare ta, ko baki ne, ko a nemo rubutu. A nan ne na koma karatu kamar ɗan makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe biyar, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Yara lafiyayyu suna zama da kansu tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9. Tafiya ba tare da riƙo ba kuwa, wani tun yana wata 8, wani sai ya kusa wata 18, kuma dukkansu lafiya lau. Har akwai waɗanda ba sa rarrafe sam, daga zama sai tsayuwa. Kenan gasar da muke yi, ɗan wance ya riga ɗan wance, ba ta da tushe. Abin da ya kamata ya tada hankali biyu ne: yaro ya kai shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko ya koma baya, ya bar abin da ya riga ya iya. Na biyun nan shi ya faru a gidana, kuma ban gane ba.

Ta taka tana da wata 16, cikin sanyin Janairu, lokacin da rake ke fitowa daga fadamun Waca. Ina zaune a bakin ɗaki ina fere guntun rake, ta saki zanen uwarta, ta buɗe hannuwa kamar mai tsallaka rafi. Ɗaya, biyu, ta tsaya tana tangaɗi, uku, huɗu, biyar, ta faɗo kan gwiwata ta cafke raken. Na ɗaga ta sama a gaban kowa. Tsohuwa ta dube ni, ta kau da kai, ta yi kamar ba ta gani ba. Wannan karon ita ta yi mini kara.

To, ga alƙaluman. Asibitin yara na Magarya, wanda ƙungiyar MSF ta daɗe tana tallafawa, duk damina cika yake da yaran Magarya da Dungas, zazzaɓi da tamowa a haɗe. A Satumban 2018 ƙungiyar ta sanar cewa a watan da ya gabata kimanin yara 10 ke rasuwa kullum a can, da yawansu an kawo su a makare. Waɗannan su ne ake ƙirgawa. Akwai waɗanda ba a ƙirgawa a gadon asibiti: binciken abinci na ƙasa ya sha nuna cewa kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jiharmu ta Damagaram na cikin inda abin ya fi muni. Yaron ya rayu, an gode Allah, amma daga shigar ciki zuwa shekara 2, kwana 1000 ɗin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da sauri, ya wuce su cikin ciwo da yunwa da shiru. Bayan shekara bakwai mu ce ba ya gane karatu.

Shirun nan shi nake so mu tsaya a kai, don shi ne ba ya buƙatar kasafin gwamnati. A Jamaika, a shekarun 1980, an ɗauki yara masu irin wannan tsumburewa, ana zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka koma aka neme su. Waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin da ya fi na ƴan uwansu da kusan kashi 25 cikin 100. Wasa fa, jama'a. Da na karanta sai na yi dariya, don abin da kakanninmu ke yi ne: tawai, tatata, hira da jariri kamar yana ba da amsa. Muna da abin. Sai dai uwar da za ta yi shi ta tashi tun asuba, daka, rijiya, itace, gona, ta goya wa ƴar shekara bakwai ƙanenta. Uban yana cin rani a Kano ko Libiya, in ma yana gida, yana majalisa, kunya ta hana shi ɗaukar ɗansa.

Ba na zagin kunya. Ni ma kun ji har yanzu ban faɗi sunan ba. Amma rashin faɗin suna daban, rashin sanin ko ɗanka ya daina tsayuwa daban. Kuma mu ƴan birni kada mu yi wa ƙauye dariya, namu shirun ya fi tsada: yaro na motsi mu miƙa masa waya ya yi tsit. Ita dai hukumar lafiyar ta faɗa tun 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin.

Abin da na roƙi abokaina, shi nake roƙonku. In kun kira gida, ku bar tsayawa a "yaya yara?", don amsar kullum "lafiya lau" ce. Ku tambaya me ya iya yi a watan nan da bai iya ba a wancan, wace kalma ya ƙara, yana waiwayowa in an kira shi? In damina ta faɗi, ku tambaya ko masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata sun zo, kuma ko an ba yaron na kwana na biyu da na uku, don a nan ake yawan yankewa. In an rubuta wa danginku maganin yaro su saya, ku rubuta rana da sunan maganin, mu tara, mu je da shi gaban masu iko da takarda a hannu, ba da ihu kawai ba.

Igiyar awon nan kuma ba sai ma'aikacin lafiya ba. A Mirya, nan kusa da mu, aka gwada koya wa iyaye mata su auna ƴaƴansu da kansu, kuma suka iya. Na zo da guda biyu. Wanda ke son ya koya ya tsaya bayan an tashi, minti biyar ya isa. Ɗaya ce kawai zan iya barin muku, ɗayar ta gida ce, kuma mai ita ta fara magana, in ta neme ta ba ta gani ba zan sha "nawa, nawa" ranar Juma'a.